Riƙon Addini da Kirki a Cikin Shaihu Umar

1.0 Gabatarwa

Tun da aka buga Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa a 1934, bayan gasar ƙagaggun labarai da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933, akasarin masu nazari sun tafi a kan cewa jigonsa haƙuri ne da tawakkali, tauraronsa kuwa misali ne na mutumin kirki. Wannan magana tana bisa hanya, sai dai ta tsaya kusa. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa tambaya mafi nauyi a littafin, wato ko riƙon addini shi ne kirki, ta rataya ne a wuyan Abdulkarim, Balaraben da ya reni Umar. Za a yi amfani da wani gajeren labari na Amurka a matsayin ma'auni.

2.0 Ma'auni

A 1953 Flannery O'Connor, marubuciya 'yar Katolika daga Jihar Jojiya, ta fitar da labarinta mai suna A Good Man Is Hard to Find, wato mutumin kirki wuyar samu gare shi. Wata tsohuwa ce da iyalin ɗanta suka yi haɗarin mota a hanyarsu ta zuwa Fulorida, suka faɗa hannun wani ɗan sarƙa da ya tsere daga kurkuku. Tsohuwar ba ta rabuwa da zancen addini, amma kirki a wurinta asali ne da tufafi masu tsabta. Ana kashe ɗanta da matarsa da jikokinta, ita kuwa tana lallashin makashin da cewa ɗan gidan mutunci ne, ya yi addu'a. Sai a numfashinta na ƙarshe ta dube shi da tausayi na gaskiya, tamkar ɗan cikinta, shi kuwa ya harbe ta. Abin lura a nan shi ne marubuciyar ta raba ibadar baka da kirki, sa'an nan ta tsai da tauraruwarta a inda ba makawa sai ɗaya ya bayyana.

Wannan rarrabewa ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. A cikin nazarinsa na 1974 a kan mutumin kirki, A. H. M. Kirk-Greene ya kawo siffofi goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Dukkansu a zaman tare ake gane su, domin wanda aka yi hulɗa da shi ne ke shaidarsu.

3.0 Abdulkarim

Idan aka ɗora Umar a kan wannan ma'auni, za a ga ba a taɓa jarraba shi da zaɓi ba. An sace shi yana ƙarami, an kai shi Ber Kufa, ya yi karatu, ya zama shaihi. Ƙaddara ce ke tafiyar da shi. Abdulkarim kuwa yana da zaɓi a hannunsa. Ya riƙe yaron kamar ɗansa, ya sa shi makaranta, wanda karamci ne babu ja. Amma sana'arsa fataucin bayi ce, kuma irin wannan ciniki ne ya cinye mahaifiyar Umar, wadda ta fita neman ɗanta, aka yaudare ta, aka bautar da ita, ta rasu a Tarabulus jim kaɗan bayan sun sadu. Karamcinsa ya tsaya a kan yaro ɗaya, adalcinsa bai kai ga sauran ayarin ba. Marubucin bai tuhume shi ba, Umar ma da ke ba da labarin a Rauta bai tuhume shi ba.

4.0 Shaidar Tarihi

Wani zai ce zamani ne ya zo da haka, bai kamata a auna mutumin jiya da mudun yau ba. Tarihin ƙasar Kabi yana da amsa. Gab da hijirar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo zuwa Gudu a 1804, rundunar Sarkin Gobir Yunfa ta auka wa Gimbana, garin Malam Abdussalami, wanda ɗansa Buhari ya kafa Jega daga baya, ta kama Musulmi ta ɗaure. Da aka biyo da su ta Ɗegel, jama'ar Shehu suka kwance su, kuma wannan yana cikin musabbaban jihadi. Ashe haramcin bautar da ɗa Musulmi sananne ne a ƙasar Hausa tun kafin zamanin da labarin ya ginu a kansa. Umar da mahaifiyarsa kuwa 'ya'ya ne, Musulmi. Mudun da za a auna Abdulkarim da shi na gida ne.

5.0 Kammalawa

O'Connor ta kai tauraruwarta bakin bindiga domin ta tona abin da ke ƙarƙashin addu'arta. Tafawa Ɓalewa bai yi haka ba: ya jera alherin Abdulkarim da wahalar uwar Umar kusa da juna, ya yi shiru. Ana iya ɗaukar wannan shiru a matsayin rauni, ana kuma iya ɗaukarsa kawaici ne irin na malamin da ya bar wa almajiri hukunci. Ko ta wace fuska aka ɗauka, malamin da ya koyar da littafin a kan haƙuri kaɗai ya bar rabinsa a rufe. Ya dace a riƙa tambayar ɗalibai ko Abdulkarim mutumin kirki ne, kuma a bakin wa za a karɓi shaida, Umar ko mahaifiyarsa.