«Croix de Tahoua»: sunan gari a kan azurfa, da abin da gidajen tarihi ke ɓoyewa

Wannan maƙala za ta duba ƴar takardar bayanin da gidajen tarihi ke maƙala wa abin wuyan azurfar nan da Faransawa suka raɗa wa suna «croix de Tahoua». Ra'ayinmu shi ne, takardar tana ba abin gari guda da ƙabila guda, alhali hannaye da yawa ne suka haɗu a kansa.

Mu fara da sunan. Abzinawa ba su ce masa gicciye ba. Kalmarsu ita ce tanaghilt, wadda tushenta ke nufin zubi, wato sun kira abin da yadda ake yin sa. Maƙeri yakan siffanta shi da kakin zuma, ya lulluɓe da yumɓu, ya gasa har kakin ya narke ya tsiyaye, sannan ya zuba narkakkiyar azurfa a gurbinsa. Sai an fasa yumɓun ake fitar da abin, a goge da magagari, a yi masa zane. Ke nan kowane guda da nasa mazubi, kuma mazubin ba ya moruwa sau biyu. Kalmar «croix» ta Turawa ce, kuma ita ta sa masana irin su Raymond Mauny, a 1954, suka tsaya neman asalin siffar da ma'anarta, tambayar da Mauny da kansa ya kira kacici-kacicin da ba a warware ba.

Yau ana sayar da su a jere kan allo, guda 21, kowane da sunan wuri: Agadas, Tawa, Iferwan, Ingal, Abalak, Cintabaraden, Madawa, Bilma da sauransu. Jerin yana da kyan gani, kuma ya yi wa ƙasa aiki, domin tun shekarun farko na mulkin kai aka buga siffar ta Agadas da ta Iferwan da ta Tawa a kan sarkin gidan waya. Gidan tarihi na ƙasa da ke Yamai, wanda aka kafa a 1959 da ƙoƙarin Bubu Hama da Pablo Toucet, ya zaunar da masu sana'a a harabarsa suna aiki a gaban baƙi, kuma a irin wannan wuri allon ya samu kasuwa. Shaidar cewa jerin ba rufaffe ba ne ita ce, bayan rasuwar Mano Dayak a haɗarin jirgin sama a Disamban 1995, maƙera sun ƙara na 22 da sunansa. Jerin da ya karɓi sabon guda a ƙarshen ƙarni na 20, da wuya a ce kowane suna da ke cikinsa tsohon tambarin gari ne.

To, wane ne mutumin Tawa a wannan magana? Djibo Hamani, a bincikensa na 1975 kan Adar kafin zuwan Turawa, ya nuna yadda Agabba, ɗan sarkin Agadas, ya karɓe yankin daga hannun Kabi a ƙarshen ƙarni na 17, da yadda manoma Hausawa da Abzinawa suka rayu ƙarƙashin sarauta guda. Nicole Echard kuwa ta yi shekaru tana nazarin maƙeran Hausawa na Adar. Tawa ita ce mahaɗa tsakanin gonakin kudu da makiyayar Azawak, kuma a kasuwarta ta Lahadi inadan, wato maƙeran Abzinawa, da maƙeran fari na Hausawa masu saye guda suke nema. Azurfar ma baƙuwa ce. An daɗe ana narka liyari, kuɗin Mariya Taraiza na Ostiriya mai ɗauke da shekarar 1780, da kuma azurfar Faransa mai tamma biyar. (Dalar da muke ƙirga sefa da ita yau da Thaler ta Jamusanci tushensu guda.) Bayan farin 1973 zuwa 1974 da na 1984, da dabbobin iyayen gidansu suka ƙare, inadan da yawa sun shigo birane, masu sayensu suka zama ƴan yawon buɗe ido da ma'aikatan agaji. Ɗanɗanon mai saye kuwa yana shiga cikin aikin maƙeri.

Jean Gabus na gidan tarihin Neuchâtel a Suwizalan, a littattafansa na 1958 da 1982, ya kula da kayan aiki da dabarun ƙira fiye da yawancin ƴan zamaninsa, kuma har yanzu ana amfana da shi. Amma babban mataki shi ne nunin «Art of Being Tuareg» da Thomas Seligman da Kristyne Loughran suka shirya, wanda ya zagaya Los Angeles da Stanford da Washington daga 2006 zuwa 2008. Abin yabo a nan, an ambaci masu aikin da sunayensu, musamman maƙeri Saidi Oumba na Agadas da maiɗakinsa Andi Ouhoulou mai aikin fata, an kuma nuna kayan kamfanin Hermès na Faris da suka samo daga ƙirar Abzinawa. Mai kallo ya ga maƙeri a matsayin mutum mai zaɓi, mai aro, mai ciniki.

Sai dai aron da aka fi haskakawa shi ne wanda ya nufi Turai. Sunan nunin da kansa ya sa komi ƙarƙashin ƙabila guda, kuma Agadas ce cibiyarsa. Wannan yana rage wa hannun kudu daraja. Rawanin shuni mai ƙyalli da ya zama alamar Ba'abzine a idon duniya, a Kura ta ƙasar Kano marina Hausawa ke rina shi, mabuga su buge shi, fatake su hauro da shi. In an rubuta «Touareg» kurum a ƙarƙashinsa, an faɗi mai ɗaurawa, an bar mai yi. Haka abin wuyan Tawa yake. Takardar da za ta yi masa adalci sai ta faɗi sunan maƙerin, da garin da ya zauna, da inda ya koyi sana'a, da azurfar da ya narka, da wanda ya saya. Wannan aiki ne da ɗalibanmu za su iya farawa da na'urar ɗaukar magana a maƙerun Tawa da Abalak da Cintabaraden, tun tsofaffin da suka yi ƙira kafin farin 1973 suna raye.