Masu Rainon Gamba a Bakin Gona

Duk wanda ya bi hanyar Gumel zuwa Maigatari da kaka zai ga wata doguwar ciyawa ta ja layi tsakanin gonakin gero, ta fi mutum tsawo. Gamba ke nan. Baƙo sai ya zaci da kanta ta fito. Ina! Hannun manomi ne ya ajiye ta a wurin.

A da daji ne gidanta, mai son zana sai ya ɗauki lauje ya je ya yanko. Farin 1973 da na 1984, da gonakin da suka cinye daji har da burtali, da yawan kiwo da gobara, su suka taru suka ƙarar da ita. Yau a ƙasar Gagarawa da Sule Tankarkar, wanda ya raine ta shi ke da ita.

Rainon kuwa sai gwani. Yakan jira damina ta zauna, ƙasa ta ƙoshi, sannan ya tsaga tsohon tushe gida uku ko huɗu, kowane da saiwarsa, ya datse ganyen, ya dasa a kan iyaka. Shekarar farko ba ya kai mata lauje. Amma ni a wajen yanka nake gane gwani. Ba ya gaggawa, sai iri ya nuna ya zube. Kuma ba ya yi mata aski har ƙasa, yakan bar kamar taƙi guda, ya share kewayenta saboda wuta. Daga wannan kututturen take tohowa da yayyafin farko, tun sauran ciyayi ba su farka ba.

Ita ma ba ta cin amana. Tana tare rairayin da iska ke kwasowa ya binne shuka, tana kashe gardamar iyaka tsakanin maƙwabta, karanta kuma shi ne zanar danga da ta rumbu. Abin da ya saura a kai kasuwar Maigatari ranar Alhamis.

Ciyawar nan fa ta yi tafiya. Irin da aka ɗauka daga Shika, kusa da Zariya, an raba shi ga makiyayan Kolombiya da Brazil a 1980. A Ostireliya kuwa yawa ta yi har hukuma ke yaƙi da ita, kuma can ma gamba suke kiranta.