Waiwaye Adon Tafiya: Sharhi a Kan Ra'ayin Donald Schön na Bitar Aiki ga Malamin Hausa

1.0 Gabatarwa

Da yawa daga cikin kwasa-kwasan ƙarin horo da ake shirya wa malaman da ke bakin aiki sukan buƙaci malami ya riƙa waiwayar darasin da ya koyar, ya rubuta abin da ya gudana da dalilinsa da kuma abin da zai gyara. Wannan ɗabi'a ce za a kira "bitar aiki" a cikin wannan takarda. Babban madogarar masu shirya irin waɗannan kwasa-kwasai shi ne littafin Donald Schön mai suna The Reflective Practitioner, wanda ya fito a Amurka a shekarar 1983. Daga baya an fassara shi zuwa Faransanci a Kanada, sa'annan Philippe Perrenoud na Jami'ar Jeneba ya ƙara yaɗa ra'ayin ga masu horar da malamai ta littafinsa na 2001.

Manufar wannan takarda ita ce a auna ra'ayin Schön da ma'aunin ajin koyar da Hausa, musamman a Nijar, inda kundin tsarin mulkin riƙo na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Ɗaliban harshe na yau su ne malamai da masu horar da malamai na gobe, don haka ya kamata su san abin da za su ɗauka daga littafin da kuma abin da za su yi wa kwaskwarima.

2.0 Marubucin da Ƙunshiyar Littafin

An haifi Schön a 1930, ya rasu a 1997. Ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Harvard a kan falsafar John Dewey, wanda tun 1910 ya yi rubutu a kan yadda mutum ke tunani idan ya gamu da abin da ya shige masa duhu. Schön ya daɗe yana koyarwa a Cibiyar Fasaha ta Massachusetts, a fannin tsara birane.

Littafin ya fara ne da sukar wata tsohuwar aƙida wadda ke ganin cewa gwaninta ita ce kawai aiwatar da ƙa'idojin da masana suka gano a jami'a. A ganin Schön, matsalolin da ma'aikaci ke fuskanta ba sa zuwa a tsare kamar tambayoyin jarrabawa. Ya kwatanta ilimin jami'a da tudu busasshe, ya kwatanta wurin aiki da fadama mai taɓo, kuma ya nuna cewa a cikin fadamar ne muhimman matsaloli suke. Daga nan ya fito da abubuwa uku. Na farko shi ne sani a aikace, wato abin da gwani ya iya amma ba lalle ya iya bayyana shi da baki ba. Na biyu shi ne bita cikin aiki, wato ma'aikaci ya lura da wani abin mamaki yana tsakiyar aiki, ya sake lale nan take. Na uku shi ne bita bayan aiki, wato ya zauna daga baya ya yi nazarin abin da ya faru. Ya kawo misalansa daga zanen gine-gine da injiniyanci da gudanarwa da tsara birane da kuma aikin masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa.

3.0 Inda Littafin Ya Yi Ƙarfi

Babban abin yabo ga littafin shi ne ya mayar wa ma'aikaci da mutuncinsa na mai tunani. Malamin da ya shekara goma a aji yana da ilimin da babu shi a littafin jagorar malami, kuma Schön ya ba wannan ilimi suna, ya sa ana iya tattauna shi.

Misali mafi amfani ga malami a cikin littafin shi ne na wasu malamai da aka nuna wa hoton bidiyo na yara biyu, an sa shamaki a tsakaninsu. Ɗaya yana gaya wa ɗayan yadda zai jera wasu ƴan katako masu launi. Da jerin ya wargaje, sai malaman suka yanke hukuncin cewa yaro na biyu ba ya iya bin umarni. Da aka sake kallo, sai aka gano cewa na farkon ne ya ambaci murabba'i kore, alhali babu irinsa a cikin katakon. Ashe duk abin da na biyun ya yi daga nan ƙoƙari ne mai ma'ana na daidaita umarnin da ba ya yiwuwa. Darasin shi ne, kuskuren ɗalibi yana da dalili, kuma aikin malami ne ya nemo dalilin.

Wannan darasi ya dace ƙwarai da ajin Hausa. Yaron da ya rubuta "choudi" maimakon "shuɗi", ko "tchiwo" maimakon "ciwo", ya yi amfani ne da ƙa'idar rubutun Faransanci da aka koya masa, kuma ya yi amfani da ita daidai. Haka nan yaron Tawa ko Dogonduci da ya rubuta "hwari" maimakon "fari", ko "shina zuwa" maimakon "yana zuwa", ya rubuta ne abin da kunnensa ke ji a gida. Malamin da ya ja jan biro ya wuce ya hukunta yaron a kan abin da ya iya. Wanda ya tsaya ya tambayi kansa dalili zai gane cewa darasin da ake bukata shi ne na bambancin ƙa'idojin rubutu biyu, ko na bambancin karin harshe da daidaitacciyar Hausa.

4.0 Inda Littafin Ya Gaza

4.1 Matsalar Lokaci

Misalin da Schön ya fi faɗaɗawa shi ne na wani malamin zanen gine-gine da ya zauna da ɗalibarsa guda ɗaya suna duba zanen wata makarantar firamare. Suna da takarda da fensir, suna iya zanawa su goge, babu mai jiran su. Michael Eraut na Ingila ya nuna a tsakiyar shekarun 1990 cewa Schön bai kula da bambancin lokaci ba. Malamin aji yana yanke shawara ne cikin daƙiƙa, yara da yawa suna kallonsa, kuma abin da ya furta ba ya gogewa. Abin da yake yi a wannan hali ya fi kama da sabo da saurin ganewa fiye da zurfin tunani. Idan aji ya cika maƙil, ko kuma rumfar zana ce da iska ke kaɗawa, to bita cikin aiki takan ragu sosai. Ke nan abin da ya fi yiwuwa ga malami shi ne bita bayan aiki, wadda ita ce Schön ya fi taƙaita bayani a kanta.

4.2 Matsalar Kaɗaici

A cikin littafin, mai bita yakan kasance mutum ɗaya da aikinsa, ko gwani da almajirinsa. Amma mutum ba ya ganin ƙeyarsa. Malamin da shi kansa ba ya bambanta "ƙasa" da "kasa" a rubuce, ko yake haɗe "a kan" da "akan" wuri guda, zai iya shekara yana waiwaye bai ga wannan gibi ba, domin da idon da ya yi kuskuren yake dubawa. Stephen Brookfield, a littafinsa na 1995, ya cike wannan gurbi da ya ce malami ya dubi aikinsa ta fuska huɗu: ta tarihin kansa, ta idon ɗalibansa, ta idon abokan aikinsa, da kuma ta rubuce-rubucen masana. Fuska ta huɗu tana da muhimmanci, domin wasu masu karanta Schön sukan ɗauka cewa tunda ya soki ilimin jami'a, to karatu ba shi da amfani. Malamin da bai karanta ilimin furuci da na karin harshe ba ba zai iya gano dalilin "hwari" ba, komai yawan waiwayensa.

4.3 Matsalar Iko

Bita tana bukatar mutum ya faɗi inda ya gaza. Ƙwararrun da Schön ya kawo a misalansa ba sa cikin fargabar rasa aiki. A Nijar kuwa, tun daga ƙarshen shekarun 1990 aka shiga ɗaukar malamai na sa-kai, daga baya na kwantaragi, waɗanda da yawansu suka shiga aji da ɗan gajeren horo. A 2017 gwamnati ta yi wa malaman kwantaragi jarrabawar gwaji, aka soke kwantaragin wasunsu. Malamin da ya ga haka, idan aka ce ya rubuta rauninsa a littafin da sufeto zai karanta, hankali ne ya sa ya rubuta abin da ba zai cutar da shi ba. Ga kuma kunya, wadda ke hana ƙaramin malami ya ce wa na gaba da shi darasinsa bai yi ba. Littafin bai ba da wata mafita mai gamsarwa ga wannan ba.

5.0 Daga Tunani Zuwa Cike Gurbi

Domin a sauƙaƙa koyar da bitar aiki, masu horarwa sukan haɗa ra'ayin Schön da zagayen Graham Gibbs na 1988, mai matakai shida: bayanin abin da ya faru, abin da mutum ya ji a ransa, auna abin da ya yi kyau da wanda bai yi ba, nazarin dalili, sakamakon nazari, da shirin abin da za a yi gaba. Zagayen yana da amfani ga mai fara koyo, domin yana hana shi tsayawa ga ba da labari kawai. Illarsa ita ce, da zarar an ɗora masa maki, sai ya koma fom. Malami zai rubuta cewa darasi ya tafi daidai, yara sun fahimta, sai dai lokaci bai isa ba, nan gaba zai kula da lokaci. An cike matakai shida, ba a koyi komai ba.

Abin da ke raba rubutun bita na ƙwarai da na cike gurbi shi ne hujja, kuma a nan ne dabarun rubutun ilimi ke shigowa. Jimla irin "yara ba su gane ba" hukunci ne. Jimlar da ta faɗi yawan yaran da suka rubuta "d" a wurin "ɗ", da kalmomin da abin ya fi faruwa a cikinsu, bayani ne da wani zai iya dubawa ya tabbatar. Don haka mai bita yana bukatar ya iya raba abin da ya gani da abin da ya zata, ya kawo misali daga littattafan rubutun yara, ya danganta shi da abin da ya karanta, ya kuma ambaci inda ya samo.

6.0 Da Wane Harshe Za a Yi Bita?

Wannan tambaya ba ta taso wa Schön ba, domin shi da mutanen da ya nazarta harshensu ɗaya. A Nijar an fara gwajin koyarwa da harsunan gida tun 1973 a Damagaram, kuma dokar ilimi ta 1998 ta ba su gurbi a matsayin harsunan koyarwa. Duk da haka malami yana iya koyar da darasi da Hausa, ya yi tunaninsa da Hausa, sa'annan a ce ya rubuta bitarsa da Faransanci. Ƙarfinsa sai ya tafi ga gudun kuskuren nahawu, ya fake da jimlolin da ya haddace. Idan sani a aikace yana da wuyar furtawa ko da harshen uwa, to wuyar ta ninku a harshe na biyu.

Rubuta bita da Hausa kuwa yana bukatar keɓaɓɓun kalmomi, kuma wannan aiki ne na ɗaliban harshe. Hausa tana da "tunani" da "nazari" da "bita" da "waiwaye" da "tsokaci", kowace da inda ta fi dacewa. "Tunani" ta yi faɗi, har takan ɗauki ma'anar damuwa. "Waiwaye" ta dace da duban abin da ya wuce, amma ba ta ɗauki gyara a tsakiyar aiki ba. "Bita" ta fi kusa, domin tana nufin sake bin abu da niyyar gyarawa, kuma malamai sun riga sun san ta.

7.0 Kammalawa

Littafin Schön ya cancanci karatu saboda abu biyu: ya tabbatar da cewa malami yana da ilimin da ya samo daga aiki, ya kuma koyar da neman dalilin kuskuren ɗalibi kafin yanke hukunci. Sai dai an gina shi a kan ma'aikaci mai lokaci, mai tsayayyen matsayi, mai harshe ɗaya. Kafin ya amfani malamin Hausa, sai an yi masa gyara huɗu. A raba littafin bita da takardar auna malami, ta yadda abin da ya rubuta ba zai zama hujja a kansa ba. A mayar da bita aikin taro, kamar a zaman ƙarin horo na CAPED da ke haɗa malaman makarantu maƙwabta, a kuma sa littattafan yara su zama abin tattaunawa maimakon halin malami. A bar malami ya rubuta da harshen da ya koyar da shi. A ƙarshe, a haɗa bita da karatun ilimin harshe, domin wanda bai san yadda "ɗ" ta bambanta da "d" a furuci ba, ba zai san abin da zai nema a littafin yaro ba.