Masu leƙa cikin fayil

Duk wanda ya taɓa buɗe rubutun Hausa a kwamfuta ya tarar da Æ™ a gurbin ƙ ya san wannan takaicin. Yawancinmu sai mu haƙura mu sake bugawa. Gwanin wannan aiki kuwa baƙin allon ba da umarni yake buɗewa, ya rubuta xxd da sunan fayil, ya ga abin da ke ciki tsagwaronsa.

Abin da ke ciki bayit ne a jere. Kowane bayit lamba ce daga 0 zuwa 255, kuma da yawansu ba su da harafin da allo zai nuna. Shi ya sa ake rubuta su da ƙidayar hex mai alamomi 16, wato 0 zuwa 9, sannan a zuwa f. Alama biyu cif ke ɗaukar bayit guda. Kano sai ta fito 4b 61 6e 6f. Ita ƙ, a tsarin UTF-8, bayit biyu ce: c6 99. Da ganinsu gwani ya san fayil lafiyarsa ƙalau. Manhaja ce ta karanta shi da tsohon tsarin Windows-1252, inda c6 ke zama Æ, 99 kuma ™.

Juergen Weigert ne ya rubuta xxd a 1990, har yau kuma tare da manhajar rubutu ta Vim ake samunsa. Akwai makamancinsa od da ya girme shi, tun farkon Unix. Amma abin da ya fi burge ni a xxd shi ne ya iya komowa: xxd -p yana fitar da hex zalla, xxd -r -p kuma ya mayar da shi bayit ba ragi ba ƙari. Mutum sai ya warware fayil, ya gyara bayit ɗaya tak, ya sake ɗinke shi.

Aikin na son natsuwa. Wajen miƙa wa xxd rubutu, umarnin echo kan liƙa 0a, alamar ƙarshen layi, a ƙarshe ba tare da an roƙe shi ba, don haka masu hattara printf suke amfani da shi.

Ko an sauya wa fayil suna, farkonsa zai tona shi. PDF da 25 50 44 46 yake farawa, JPEG da ff d8 ff. Masu tsara PNG ma da gangan suka sa 0d 0a 1a 0a bayan 89 50 4e 47, domin idan wata manhaja ta taɓa alamomin ƙarshen layi a hanya, a gane tun daga bayit takwas na farko.