Motar Lantarki Ko Ta Fetur? Fara Duba Inda Za Ta Wuni

Tun ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cewa tallafin mai ya kau, zaman da ke tsakanin mai mota da motarsa ya sauya. Cikin 'yan kwanaki litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta taka 1,000. Wanda a da yake leƙo kai ta taga ya ce a cika masa tanki, sai ya koma cewa, "Zuba min na dubu biyar." A layinmu kaɗai motoci uku suka kwanta a gindin darbejiya, aka lulluɓe su da tamfol, tayoyi suka sace, awaki suka mai da ƙarƙashinsu wurin shan inuwa. Abin yana ci min rai, domin masu su magidanta ne da suka yi shekaru suna tara kuɗin saye, kuma motocin nan su ke kai yara makaranta, su ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare.

A cikin wannan hali ne zancen motar lantarki ya shigo hirar majalisa da ta ofis. Ni ban taɓa shiga irinta ba sai ranar da wani ɗan kasuwa, abokin yayana, ya rage min hanya daga Titin Gidan Zoo zuwa Hotoro a Kano. Ya danna maɓalli, ina sauraren in ji inji ya tashi, sai kawai na ga mun hau titi. Da danja ta tsayar da mu, kujera ba ta kaɗawa, sitiyari ba ya rawa, ina jin muryar yarinyar da ke tallar gyaɗa a bakin titi tar da ita.

Na ce, "Alhaji, man nawa kake sha a mako?"

Ya ce, "Malam, ai rabona da gidan mai tun bayan ƙaramar salla."

Na ce to wutar fa, a ina yake samu? Ya ce rufin shagonsa cike yake da farantan sola, motar kuma a ƙofar shagon take wuni tun hantsi har la'asar, da wayar caji a jikinta.

Amsar nan ta fi shirun motar tsaya min a rai, kuma a kanta na gina ra'ayina. A zirga-zirgar cikin gari, motar lantarki ta fi ta fetur, wannan ba na tantama a kai. Sai dai fifikon nata yana rataye da abu biyu: inda za ta sha wuta, da wanda zai duba ta ranar da ta samu matsala. Wanda ya mallaki waɗannan biyun, ya saya da ƙarfin gwiwa. Wanda bai mallake su ba, ya riƙe ta fetur ɗinsa, kada wani ya sa shi jin an bar shi a baya.

Mu ɗauki lissafi, tunda aljihu shi ne alƙali. Tsohuwar Corolla ko Civic irin wadda akasarinmu ke hawa tana shan wajen lita 10 a tafiyar kilomita 100 cikin gari, da tsaye-tsaye da cunkoso. A farashin naira 1,000, naira 10,000 ke nan. Matsakaiciyar motar lantarki tana cin yunit 15 zuwa 20 na wuta a wannan tazara. Ko da a farashin wutar lantarki na Rukunin A ne, wanda aka ɗaga zuwa naira 225 a watan Afrilun 2024 daga baya aka ɗan sassauta, kuɗin bai wuce naira 3,000 da ɗoriya zuwa 4,500 ba. Wato abin da mai fetur zai kashe a mako ɗaya, mai lantarki zai yi fiye da mako biyu da shi.

Dalilin yana cikin yadda aka ƙera su. Injin fetur wuta yake kunnawa a cikinsa, kuma yawancin ƙarfin da ke cikin man zafi yake komawa, ya fita ta salansa da lagireto. Abin da ke isa ga taya bai kai kashi 30 cikin 100 ba. A motar lantarki kuwa fiye da kashi 70 na wutar da aka zuba yana kaiwa ga taya. Idan ka tsaya a cunkoson Kofar Nasarawa, injin fetur yana ta ƙona mai kana wuri guda, ita kuwa ba ta cin komai sai ɗan abin da na'urar sanyaya mota ke ja. Idan ka ɗaga ƙafa daga totur za ka rage gudu, injinta yana juyewa ya mayar da wani abu cikin batir, shi ya sa ma birkinta ke daɗewa bai cinye ba. Babu juyen baƙin mai, babu fulogi, babu kuloci, babu salansar da za ta huje. Duk wanda ya taɓa jin bakanike ya ce masa "injin ya buga" ya san darajar wannan.

To amma ina wutar? Ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 tana raba abin da bai wuce megawat 4,000 zuwa 5,000 ba a yawancin ranaku, babban layin wutar kuma yakan faɗi ƙasa baki ɗaya. Unguwar da ake kawo wa wuta awa huɗu, wani lokaci ma mai raunin da ba ta iya tada firji, ba za ta cika batirin mota ba. Wasu kan ce ai sai a tada janareta. A nan ribar take zurarewa. Ƙaramin janaretan gida yunit biyu ko ƙasa da haka yake bayarwa a lita ɗaya, ka ga kafin ya ba motar abin tafiyar kilomita 100 ya sha kusan man da Corolla za ta sha, ga ƙara, ga hayaƙi a tsakar gida.

Abin da Allah ya hore mana a yalwace shi ne rana. Mai tafiyar kilomita 40 a yini, daga gida zuwa makarantar yara zuwa wurin aiki ya dawo, wajen yunit 7 yake buƙata. Manyan farantan sola huɗu za su iya ba shi wannan a ranar Kano ko Sakkwato. Inda gizo ke saƙar shi ne sola da rana take aiki, a daidai lokacin da motar ma'aikaci ba ta gida. Idan ya ce zai tara wutar a wani batir ya juye wa motar da dare, kuɗin ya ninka. Shi ya sa na ce a fara duba inda motar za ta wuni. Turawa a garejin gida suke cajin motocinsu cikin dare, domin wutarsu ba ta ɗaukewa. Namu wurin cajin a harabar sakatariya ya kamata ya kasance, da bakin kasuwa, da jami'a, da asibiti, da tasha, ƙarƙashin rumfar sola da za ta ba motar inuwa ta kuma ba ta wuta. An ma taɓa nuna hanyar: a 2021, lokacin da Jelani Aliyu ke shugabancin hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, an buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Irinta ɗaruruwa muke buƙata.

Sai batun saye. Mu mutane ne masu sayen mota 'yar Kwatano, wadda wani ya hau shekara goma kafin ta iso mana. A motar fetur mun san abin dubawa: a buɗe bonet, a saurari inji, a zaro sandar baƙin mai, a duba launin hayaƙi. A motar lantarki duk wannan ba ya gaya maka komai. Jiki yana iya sheƙi, kujeru garau, alhali batirin ya rasa kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa, kuma batirin nan shi ne abu mafi tsada a jikinta. Kamfanoni da yawa shekara 8 ko kilomita 160,000 suke ba shi garanti, wato sau da yawa garantin ya ƙare kafin motar ta sauka a tashar jirgin ruwa. Zafi kuma abokin gabar batir ne. Nissan Leaf ta farko, wadda ta fito a 2010, ba ta da tsarin sanyaya batir da ruwa, kuma masu ita a jihar Arizona ta Amurka sun ga batirinsu ya yi saurin raunana. Mu da zafinmu ke haura digiri 40 a watan Afrilu, wannan darasi namu ne. Kada kowa ya biya kuɗin tsohuwar motar lantarki sai an jona mata kwamfuta ya ga lafiyar batirin da idonsa.

Abu na biyu, wato mai gyara, shi ya fi damuna. Kwanaki na kai motata gareji, na tarar da bakanikena, dattijon da ya haura shekara talatin yana wannan sana'a, kwance a kan kwali ƙarƙashin wata Golf, yaransa biyar suna miƙa masa sifana. Mutum ne da in ka tada mota zai karkata kai ya saurara, ya gaya maka fulogi na nawa ne ba ya ci. Na tambaye shi ko an taɓa kawo masa ta lantarki. Ya fito, ya goge hannu da tsumma, ya ce, "An kawo sau ɗaya. Na buɗe na ga wayoyi masu ruwan lemo, na rufe. Na ce wa mai ita, ranka ya daɗe, abin da ban sani ba ba na sa masa hannu." Gaskiya ya yi, kuma hikima ce, domin wayoyin nan suna ɗauke da wuta mai ƙarfin kusan bolt 400 ko fiye, wadda ke iya kisa nan take. Motar fetur kuwa ko a ƙauye ta tsaya maka za ka samu mai taɓa ta, kayan gyaranta kuma ga su jibge a Kofar Ruwa ko Fantekar Kaduna. Wannan ilimin da ya bazu cikin dubban hannaye dukiya ce da aka yi shekaru ana tarawa, kuma ita ce babbar hujjar motar fetur a yau.

Haka tafiya mai nisa. Kano zuwa Abuja ta haura kilomita 400, ƙananan motocin lantarki masu sauƙin kuɗi kuwa da wuya su kai haka a caji ɗaya in ana gudu ana kunna sanyi. Gidan da mota ɗaya ce tak, ita ce ta kasuwa, ita ce ta zuwa gaisuwar rasuwa a Gusau, ba zan ba shi shawarar ya sayar da ita ya sayi ta lantarki yanzu ba. In zai sauya, ya duba mai haɗa fetur da batir, irin Prius da Toyota ta fara fitarwa tun 1997. Ba ta buƙatar caji, kuma a cunkoso tana rage shan mai ƙwarai.

Masu kafa hujja da ƙasashen waje su lura da abin da ya fara zuwa. A Norway kusan tara cikin goma na sababbin motocin da aka saya a 2024 na lantarki ne, amma ƙasa ce da madatsun ruwa suka wadata da wuta tun da daɗewa. Habasha ta hana shigo da ƙananan motocin fetur a 2024, tana dogaro da babbar madatsarta ta kogin Nilu. Kowacce wutar ta fara tanada. Kowa ya daka rawar wani, ya rasa turmin daka tasa.

Inda nake ganin lantarki za ta fi amfanar mu tun yau shi ne wajen masu neman abinci a kan titi. Ɗan adaidaita sahu yana yin tafiyar da ta ninka ta ma'aikaci sau uku ko huɗu, kafin ya haɗa kuɗin balas mai ya cinye rabin cinikinsa, hayaƙin kuma a ƙirjinsa da na fasinja yake ƙarewa. Hanyarsa sananniya ce, tasharsa guda, batirinsa ƙarami. A Kigali da Kwatano 'yan acaba suna shiga tasha su ajiye batirin da ya ƙare su ɗauki cikakke cikin 'yan mintoci. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya fara da cire injin fetur daga ƙananan bas yana sa musu na lantarki, gwamnatin Borno ta Babagana Zulum kuma ta zuba motocin haya na lantarki a cikin gari. Nan ne naira ɗaya da aka rage take shiga tukunyar gidaje da yawa, ta direba da ta fasinja.

Saboda haka roƙona ga gwamnonin jihohinmu da masu hannu da shuni bai tsaya kan shigo da motoci ba. A kafa rumfunan sola inda ababen hawa ke wuni. A ɗauki yaran gareji, irin biyar ɗin nan masu miƙa sifana, a kai su kwalejojin fasaha su koyi auna batir da kashe babbar wuta kafin a taɓa mota, su dawo garejin ubangidansu da wannan sani. Ba a fafe gora ranar tafiya. Motocin suna tafe ko mun shirya ko ba mu shirya ba, domin Sin tana ƙera su da yawa, farashinsu kuma yana sauka. Ba na son nan da shekara biyar in ga wata sabuwar mota a gindin darbejiyar layinmu, lulluɓe da tamfol, an rasa wutar da za a ba ta, an rasa mai buɗe ta.