Hannun Barde: Tsakanin Safar Ƙarfe da Garkuwa

Tarihin sarakunan Kano ya ce a zamanin Sarki Kananeji, wajen 1390 zuwa 1410, lifidi da kwalkwali da sulke suka shigo Kano. A daidai wannan lokaci maƙeran Turai suna fama da wata matsala da namu ba su ɗora wa kansu ba: yaya za a rufe yatsa da ƙarfe, kuma ya ci gaba da lanƙwasa?

Dabararsu ta farko ita ce a yi wa kowane yatsa nasa gida. Sai a yanka ƙananan ƙarafa, a jera su wani kan wani kamar ɓawon kifi, a kafe su da ƙusa a kan tsirin fata, sannan a ɗinke tsirin a bayan safar hannu. An tono irin waɗannan safuna a kaburburan yaƙin Visby na 1361, kuma na wani yariman Ingila da ya mutu a 1376 suna nan a majami'ar Canterbury. Yatsu suna sakewa, amma duka mai nauyi kan murƙushe ƙashi ko da bai yanka ba. Shi ya sa a ƙarni na 15 maƙeran Milan suka karkata ga faffaɗan ƙarfe mai rufe yatsu huɗu gaba ɗaya, wanda ke raba nauyin sara. Manyan maƙeran Jamus, irin su Lorenz Helmschmied na Augsburg, ba su bar raba yatsu ba.

To, ina barden Sakkwato a wannan lissafi? Rigunan sulken da suka rage mana hannunsu kan tsaya ne a gwiwar hannu ko wuyan hannu. Wasu na ɗaukar wannan a matsayin gazawa. Ni ban yarda ba. Baturen da ya lulluɓe jikinsa da farantan ƙarfe ya yi ta rage garkuwa har ya ajiye ta, saboda haka dole hannunsa ya kare kansa. Namu bai ajiye ba. Garkuwar fatar warwaji, da dukawa suka sarrafa, ita ce safarsa. A bayanta hagu ke riƙe linzami, dama kuwa tana buƙatar jin sandar mashi da ƙotar takobi. Ga zafin bazara, wanda ƙarfe a kan yatsa ba zai yi wa mahayi daɗi ba. Kuma babban abin tsoro a fagen daga kibiya ce mai dafi, wadda lifidi mai cushen auduga aka yi dominta. Duk da haka a Tabkin Kwatto, a 1804, maharban jama'ar Shehu sun karya 'yan lifidan Sarki Yunfa. Nauyin kaya kaɗai ba ya cin yaƙi.

Abin da ke damuna shi ne ƙarancin nazari. Masani A. D. H. Bivar ya duba sulkenmu a 1964, ya nuna alaƙarsa da ƙasashen Musulmi na gabas, amma aikin dukawa da na maƙera irin na unguwar Maƙera Assada yana buƙatar ƙarin rubutu. Samarin Runjin Sambo masu sha'awar doki da hawan salla, ku je gidan tarihi na Waziri Junaidu ku dubi makaman da ido, sannan ku zauna da tsofaffin maƙera da dukawa ku rubuta abin da suka sani tun suna raye.