Littafin da Ya Sa Kafintoci Ƙera Jirgin Sama: Bitar Le Sport de l'Air na Henri Mignet

A watan Nuwamba na 1934 wani littafi ya fito a birnin Faris mai suna Le Sport de l'Air. Marubucinsa, Henri Mignet, ba shi da takardar shaidar injiniyan jirage, bai kuma taɓa zama hafsan sojan sama ba. Haɗa rediyo ya iya, kuma aikin sadarwa ya yi a soja lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Sai ga shi ya zo da magana mai nauyi: duk wanda hannunsa ya saba da zarto da guduma zai iya ƙera jirgin sama a gidansa, ya koya wa kansa tuƙi, ya tashi. Don kada a ce cika baki ne, ya zana jirgin gaɓa-gaɓa, ya ba da awon kowane katako, ya nuna inda za a shafa gam da inda za a buga ƙusa, har yadda za a sassaƙa farfela.

Jirgin shi ne HM.14, wanda ya laƙaba wa suna Pou-du-Ciel, wato kwarkwatar sama. Mutanen Ingila kuwa Flying Flea suka kira shi, lokacin da ƙungiyar Air League ta fassara littafin a 1935. Kujera ɗaya gare shi. Tsawonsa bai kai mita huɗu ba. Gangar jikinsa akwati ne na katako da siririn falanki, fukafukansa an lulluɓe su da yadi, injinsa ɗan ƙarami ne irin na babur, ƙirar Aubier et Dunne, mai ƙarfin doki 17. Ranar 10 ga Satumba 1933 Mignet ya fara ɗaga shi daga ƙasa, a wani fili kusa da garin Soissons, inda ya kafa tanti ya tare har ya kammala gwaji.

Labarin wannan zaman tanti shi ya fi kama ni a littafin. Mignet ya rubuta shi kwana-kwana, bai ɓoye komai ba: jirgi ya yi gudu a ƙasa ya ƙi tashi, ya ɗan yi tsalle ya dawo, wani abu ya karye, a gyara, a jira iska ta lafa, a sake. Littattafan fasaha da yawa sakamako kawai suke nuna wa mai karatu, kamar dai abin ya faɗo daga sama a kammale. Wannan kuwa yana barin mutum ya ga gumi da fargaba da kwanakin da aka tashi ba riba. Shi ya sa mai karatu yake yarda da shi. Wanda ya ba ka labarin faɗuwarsa dalla-dalla, in ya ce maka daga baya ya tashi, ba ka da dalilin musa masa.

Harshensa ma na hira ne. Yana yi wa mai karatu magana kamar abokin da ya leƙo shagonsa da yamma, ya tsokane shi, ya ƙarfafa masa gwiwa, ya gargaɗe shi kan ganganci wajen zaɓen katako. Zane-zanen duk da hannunsa ya yi su, kuma an yi su ne don mai aiki, ba don ado ba. Mutumin da Faransancinsa bai yi ƙarfi ba zai iya bin yawancinsu da ido. Ina ganin nan ne gwanintarsa ta gaskiya take. Masu zana jirage da suka fi shi ilmi suna da yawa a zamaninsa, amma da wuya a sami wanda ya kai shi iya koyar da talaka.

Ƙirar jirgin daga wahalar da shi kansa ya sha ta fito. Jirgi na yau da kullum ana tuƙa shi da hannu da ƙafa a lokaci guda: sanda tana ɗaga hanci tana kuma karkata fukafukai, ƙafafu suna juya jela. Mignet ya sha fama da haɗa waɗannan, ya kuma ga yadda sabbin matuƙa ke mutuwa idan gudun jirgi ya ragu, fukafuki ya daina ɗaukar nauyi, jirgi ya rufto yana juyi. Sai ya cire aikin ƙafa gaba ɗaya. Ya sa fukafukai biyu, ɗaya a gaba a sama, ɗaya a baya a ƙasa kaɗan. Idan ka ja sanda baya ko ka tura ta gaba, fukafukin gaba ne dukansa ke motsawa. Idan ka kai ta dama ko hagu, jela ce ke juyawa, jirgin kuma ya karkata da kansa. Kuma abin ya yi aiki ta wannan fuska, domin idan gudunsa ya ragu, sauka yake yi a hankali maimakon ya rufto. A watan Agusta 1935 Mignet ya ƙetare da shi mashigin ruwan da ya raba Faransa da Ingila, ya sauka a filin Lympne.

Jama'a suka yi caa. A lokacin da ƙaramar motar Ford mafi araha a Ingila take fam 100, an gaya wa mutane za su mallaki jirgin sama da ƙasa da haka. Ɗaruruwan mutane suka fara yanka katako a gareji da bayan gida da saman bene. A Ingila kaɗai an yi wa jirage fiye da 100 rajista. Kamfanoni irin su Abbott-Baynes da Perman suka shiga sayar da sassan da aka riga aka yanka, wanda kusan shi ne abin da ake kira jirgin haɗa-da-kanka a yau. Abin lura kuma, mutane ba su zauna kowa shi kaɗai ba. Wanda ya iya katako ya nemi wanda ya iya inji, mai gareji ya nemi mai ɗan kuɗi, aka kafa kulob-kulob a garuruwa, ana karo-karo ana aiki da dare bayan an tashi daga sana'a.

Sai mutuwa ta fara. Ta farko a Aljeriya ce, a watan Agusta 1935, wasu suka biyo baya a Faransa. A 1936 mutum huɗu suka mutu a Birtaniya, biyu daga cikinsu hafsoshin sojan sama ne da suka ƙware a tuƙi. Duk labari ɗaya ne: jirgi ya sunkuyar da hanci, matuƙi ya ja sanda don ya ɗago shi, jirgi ya ƙara sunkuyawa har ƙasa. Aka kai cikakken jirgi zauren gwajin iska a Chalais-Meudon ta Faransa da Farnborough ta Ingila, inda manyan fankoki ke hura iska a kan jirgi ana auna abin da take yi masa. Nan aka gano aibin. Ƙarshen fukafukin gaba ya hau kan goshin na baya, akwai 'yar tazara a tsakaninsu. Idan jirgi yana gangarowa da gudu, matuƙi ya ja sanda, tazarar sai ta matse, iska ta ƙara ƙarfi a kan fukafukin baya, ya ɗaga gindin jirgin sama, hanci ya ƙara nutsewa. Abin da kowane matuƙi zai yi don ceton ransa shi ne abin da ke kashe shi. Masu ƙira da yawa kuma sun ɗora injin da ya fi na Mignet nauyi da ƙarfi, wanda ya sauya daidaiton jirgin ya kai shi gudun da shi Mignet bai cika kaiwa ba. Hukumomin ƙasashen biyu suka dakatar da tashinsa.

Ba zai yiwu a yaba wa littafin nan a tsallake waɗannan gawarwaki ba. Kuma a ganina laifinsa bai tsaya ga kuskuren awon fukafukai ba, domin kuskuren ƙira kowane injiniya yana iya yinsa. Babban rauninsa shi ne hoton da ya zana na mai ƙira: mutum ɗaya, da littafi ɗaya, a fili shi kaɗai, ba ya bukatar kowa. Mignet ya ɓata shafuka yana sukar hukumomi da injiniyoyin gwamnati, kuma wani ɓangare na fushinsa yana da hujja, don sun mayar da sararin sama gonar masu kuɗi da soja. Amma gwajin da ya tona aibin jirginsa a zauren waɗannan mutane aka yi shi. Jirgin mutum ɗaya da aka gwada da jikin mutum ɗaya, mai nauyi ɗaya da inji ɗaya, bai isa a ce wa duniya ba shi da haɗari ba. Kujera ɗaya kuma tana nufin ba malamin da zai zauna kusa da ɗalibi ranar tashinsa na farko. Ƙarfin lallashin littafin, wanda na yaba a sama, shi ne ya sa wannan rauni ya yi tsada.

Mignet bai gudu ba, kuma wannan ma a rubuta masa. Ya karɓi sakamakon gwajin, ya gyara ƙirar, ya ci gaba da zana jirage har kusan rasuwarsa a 1965. Jikokin kwarkwatar, irin su HM.293 da HM.360, har yau ana ƙera su ana tashi da su.

Abin da ya rayar da burinsa kuwa shi ne abin da littafin bai ba muhimmanci ba, wato jama'a. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu masu ƙirar gida na Faransa suka haɗu a ƙungiyar Réseau du Sport de l'Air, wadda sunan littafin yake cikin sunanta. A Ingila aka kafa wata a 1946, ita ce a yau ake kira Light Aircraft Association, kuma sufetocinta suna duba jirgi mataki-mataki suna sa hannu kafin a rufe wani sashe. A Amurka Paul Poberezny ya kafa ƙungiyar EAA a Milwaukee a 1953, da rassa a garuruwa da tsofaffin hannu masu zuwa duba aikin sabbi kyauta. Dokar Amurka ta yarda mutum ko gungun mutane su ƙera jirgi don ilmi ko nishaɗi, muddin su suka yi fiye da rabin aikin, sannan sai jirgin ya yi sa'o'in gwaji, bisa al'ada 25 ko 40, a keɓaɓɓen yanki kafin ya ɗauki fasinja. A taron EAA na 2014 a Oshkosh 'yan sa-kai fiye da 2,500 suka haɗa jirgin Zenith CH 750 cikin mako guda.

Duk wanda ya san aikin gayya ya san cewa taruwa ba ta wadatar sai da tsari: wa ke jagora, wa zai kawo me, gonar wa za a shiga gobe. Haka ƙungiyar haɗa jirgi take. Jirgin haɗa-da-kanka mai kujera biyu na zamani yakan ci sa'o'i dubu zuwa dubu biyu na aiki, kuɗinsa kuma da inji da na'urori yakan haura dala 100,000. Mutum ɗaya yakan gaji a tsakiya, shi ya sa ake yawan ganin tallan jiragen da aka bari rabi da rabi. Mutum biyar ko shida kuwa suna raba kuɗin saye da na inshora da na rumfar ajiya, kuma kowace ƙusa ido fiye da biyu ke ganinta. Sai dai akwai tambayoyin da ya kamata a amsa a rubuce tun kafin akwatin kaya ya iso. Yaya za a auna wanda ya ba da kuɗi da wanda ya ba da lokaci? Idan wani ya so fita, nawa ne kasonsa a jirgin da bai kammala ba? Wa zai yi tashin farko, tunda wanda ya fi kowa zumuɗi ba lallai shi ya fi cancanta ba? A Amurka ma mutum ɗaya tak daga cikin masu ƙirar ake ba takardar izinin yi wa jirgin binciken shekara-shekara a matsayin wanda ya ƙera shi, don haka dole a san shi tun farko. Ba ko ɗaya daga cikin waɗannan a littafin Mignet, amma duk wanda ya karanta shi ya san abin da ya biyo baya zai fahimci dalilin kowace.

Maganar ba ta yi nisa da mu kamar yadda ake zato ba. Jirgin Air Beetle da Rundunar Sojan Saman Nijeriya ta horar da matuƙanta da shi, asalinsa RV-6A ne na kamfanin Van's Aircraft da ke jihar Oregon ta Amurka, jirgin haɗa-da-kanka ne tsantsa, kuma a Kaduna aka haɗa guda 60 ɗin da aka yi oda. A 2007 jaridun duniya suka ɗauki labarin wani ɗalibin Jami'ar Bayero da ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin mota da tarkacen ƙarfe a Kano. Irinsa ba su ƙare ba, kuma kusan dukansu hanyar Mignet suke bi ba tare da sun san shi ba: hazaƙa, ƙarancin kuɗi, da kaɗaici. Ga Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya, wadda aka kafa tun 1964, ga Kwalejin Fasaha ta Sojan Sama a Kaduna, cike da injiniyoyi da matuƙan da za su iya duba aikin irin waɗannan matasa kafin wani ya hau kujera.

Masu karatunmu na Nijar da Kamaru da Chadi da suka yi boko da Faransanci za su ji daɗin asalin littafin, da zafin harshen mai shi. Sauran kuma fassarar Turanci ta 1935 ta isar. Su karanta labarin tanti, su daɗe a kan zane-zanen, su koyi yadda ake bayyana abu mai wuya ga wanda bai je jami'a ba. Amma kada kowa ya yanka katako ko guda bisa awon da ke cikin bugun 1934 ko fassararsa da niyyar tashi. Wanda ya ƙuduri ƙira ya nemi zanen da aka gyara daga baya ko kayan kamfanin da jiragensa suka daɗe suna tashi, ya nemi abokan aiki, ya kuma je wurin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasarsa tun kafin ya sayi gam.